Kan Kifi a Gidan Sha Tara

Duk wanda ya taɓa zama a Gidan Sha Tara, ko da na damina ɗaya ne, idan ya yi suna sai ya riƙa gaya wa 'yan jarida cewa a nan aka haifi hankalinsa. Ni da har yau nake kwana a ciki, abin da na ga ana haifa bai wuce kuɗin cizo ba.

Gidan, mai lamba goma sha tara, yana layin masu ɗinkin littattafai, a tsohuwar Kolkata, ba nisa da makarantar likitoci. Bene ne hawa uku, famfo ɗaya a tsakar gida, matakalarsa kuwa in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya koma da baya. Tun zamanin Turawa ɗalibai ke zama a cikinsa. Rabinsu masu karatun likita ne. Ɗaya rabin su ma karatun likitan ne ya kawo su, suka faɗi jarrabawa, sai suka gano ashe su sha'irai ne. Ta haka gidan ya yi suna wajen fitar da manyan likitoci da manyan sha'irai, ana ta rubuce-rubuce a kan sirrin abin, alhali ba wani sirri.

Ni sunana Haren. Ni ba likita ba, ni ba sha'iri ba. Tallar magungunan wani kamfani nake yi daga wannan asibiti zuwa wancan. Likitoci su shanya ni a benci da safe, sha'irai su shanye mini shayi da yamma, don haka kowane ɓangare na san shi ciki da waje.

A Sha Tara tukunya ɗaya ce. Kowane wata akan naɗa mutum ɗaya manaja, shi zai yi cefane, shi zai tsaya da bokitin miya yana zuba wa mutane, shi kuma za a zaga in gishiri ya yi yawa. A ƙasa ake ci, a doguwar barandar tsakar gida, sahu guda, kowa da ganyen ayabarsa, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan yana can gaba kusa da ƙofar kicin. Dokokinmu biyu ne kawai. Ta farko, ba mai tashi daga sahu sai babban gida, wato shi wanda ya fi kowa daɗewar, ya tashi. Ko ka gama, ko jirginka ne zai wuce, haka za ka zauna da hannunka a rataye har ya miƙe. Ta biyu, ba a korar kowa daga Sha Tara, mu mutanen kirki ne. In lokacin mutum ya yi, ya gama karatu ko ya yi aure ko ya ishi jama'a, sai manaja ya sayo ƙaton kifin rui, a soya kan sukutum, a ɗora masa a ganye. Ko'ina a ƙasarmu kan kifi girmamawa ne, surukin gida ake ba wa. A Sha Tara ma girmamawa ne, sai dai in ka ci, gobe ka ɗaure kayanka. Ba a taɓa jin wanda ya ƙi ci ba, don ba mai iya ture girma a gaban mutane. Sauran ranaku kuwa kuku farfasa kawunan yake yi cikin dal, miyarmu ta wake, don kada a yi kuskure.

Babban gida a zamaninmu shi ne Nirapada Ghoshal, muna ce masa Dada, wato Yaya da harshenmu. Ya shigo Sha Tara yana saurayi don ya zama likita. Ranar da aka fara buɗe musu gawa ya suma, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ya sake dubawa, ya sake sumewa. Ya koma waƙa, ba mujallar da ta karɓa. Daga nan ya shiga wata maɗaba'a yana gyara kurakuran waɗanda aka karɓi nasu, har maɗaba'ar ta mutu. Duk wannan yana ɗaki na bakwai, a hawa na biyu, mai tagar da ke kallon layi. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Bai yi aure ba. Ƙauyensu ya faɗa ɗaya gefen iyaka tun da aka raba ƙasa, danginsa da suka rage a duniya ɗan ƙanwarsa ne guda, mai shagon tayoyi a garin Barasat, wanda ke tunawa da shi in an yi rasuwa. In ka cire ɗakin nan, Dada ba shi da inda zai ajiye ko takalminsa.

Kada a ɗauka waliyyi nake kwatantawa. Masifaffe ne na gaske. Yakan sa wa sabulunsa alama da farce, kuma ko kuka kake yi in ka yi kuskuren magana sai ya gyara maka kafin ya ba ka haƙuri. Amma ina son sa, ban kuma taɓa ɓoyewa ba.

Rashin sa'arsa abokan ɗaki ne. A ƙuruciya su uku ne a ɗakin, shi da Amulya Lahiri da Pramatha Sanyal. Amulya ya zama sha'irin da yara ke haddacewa a makaranta, ya kuma yi dabarar mutuwa da wuri, abin da ke ƙara wa sha'iri daraja fiye da kowace waƙa. Sanyal ya zama likitan zuciya, mai asibitin kansa, mai motar da ba ta iya shiga layinmu.

Da magadan mai gidan suka so sayar da shi ga wani mai gina dogayen benaye, sai tsofaffin 'yan gida suka taso, mutanen da rabonsu da layin tun suna da gashi a ka. Suka kafa kwamiti don a sa gidan cikin gine-ginen tarihi. Wannan kam sun kyauta, ban hana su ba. Sai aka zo kan allon marmara da za a kafa a ƙofa. Likitoci suka ce a rubuta gidan likitoci da sha'irai, sha'irai suka ce a'a, gidan sha'irai da likitoci. Dakta Sanyal ke jan likitoci. Sha'irai kuma Mukul Pakrashi ke jan su, wani dogo mai gashi har kafaɗa, wanda duk rayuwarsa yake cin abinci da labarin ranar da ya riƙe wa Amulya lema. Aka yi watanni ana abu ɗaya. Magana guda kaɗai suka yarda da ita ba gardama: ɗaki na bakwai zai zama ɗakin tarihi, a gitta igiya a ƙofa, mai ɗakin kuma ba wani ɗaki za a mai da shi ba, gidan zai bari gaba ɗaya.

Dalili kuwa bakinsa ne. 'Yan matan jami'a sukan zo da furanni, su tambaye shi a ina marigayi yake samun ilhama. Sai Dada ya ce, “A bayi. Basir gare shi, yakan daɗe.” Wani farfesa ya taɓa tambayarsa wace waƙa aka rubuta a bakin tagar nan, ya ce ba waƙar da aka rubuta a wurin, nan ne dai Amulya ke tsayawa yana leƙen 'yar mai wanki. Mutum irin wannan ba a barin sa kusa da tarihi.

Wata Lahadi da hantsi ina ɗakinsa ina karanta masa jarida, sai ga Dakta Sanyal da Pakrashi sun hawo. Dakta ya faɗa kan kujera yana haki.

“Nira, dubi yadda ka koma,” in ji shi. “Matakalar nan ita za ta kashe ka. A matsayina na likita nake gaya maka.”

“Ni tun safe nake hawa da sauka ban yi haki ba,” in ji Dada. “Kai dai numfasa a hankali, Pramatha. Kar ka mutu mana a nan a ce sai an ƙara wani allon.”

Pakrashi bai zauna ba. Ya dafa bango da tafin hannu, ya lumshe ido. “Ina jin sa,” ya ce. “Har yanzu numfashinsa yana cikin bangon nan.”

“Danshi ne. Bututun bayin sama ke yoyo. Cire hannunka.”

Pakrashi ya cire, ya goge a bayan rigarsa. Dakta ya shiga bayani cikin muryar da yake gaya wa masu kuɗi cewa sai an yi musu aiki. Akwai wani gidan tsofaffi a bayan gari, ya riga ya yi magana, shi zai ɗauki nauyin komai. Akwai lambu, akwai masu jinya, akwai tsofaffi irinsa da za su riƙa hira.

“Tsofaffi irina? Me suka yi maka da za ka kai musu ni?”

“Dada, ka gane mana,” in ji Pakrashi. “Ɗakin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Na al'umma ne.”

“To al'umma ta zo ta ɗauki gadon can na kusa da ƙofa, ba kowa a kai. Ta dai zo da gidan sauronta.”

Na yi dariya, Dakta ya harare ni. Dada ya ci gaba.

“Amulya shekara biyu ya yi a ɗakin nan, rabi ma a gidan ƙanwar uwarsa yake kwana don can ake dafa nama. Kai ka yi uku. Ni na yi hamsin. In tarihi ake nema, ga ni a zaune.”

“Tarihin me ka yi?” in ji Dakta.

Maganar ta shige Dada, na gani a fuskarsa, ni ma ta yi mini zafi. Ya juya yana kallon taga, can ya ce, “A Sha Tara ba a korar mutum. Kai ma ka sani.”

“Na sani,” in ji Dakta, ya miƙe yana murmushi.

A gindin matakala ya tare ni. Bikin cikar gidan shekara ɗari zai faɗo a watan da nake manaja, za a gayyato dukan tsofaffin 'yan gida da 'yan jarida da mutanen hukumar birni, a ci abinci a sahu kamar dā.

“Haren, ka nemo mana rui mafi girma a kasuwa,” ya ce. “Kan kuma ka san inda za shi.”

“Kifi zan saya, Dakta. Kan kuwa a dal zai ƙare.”

Kada a ce jarumta na yi. Asibitinsa bai taɓa sayen ko ƙwayar ciwon kai daga kamfaninmu ba, ba ni da abin da zan rasa.

“Ba komai,” ya ce, yana dafa kafaɗata. “Ni ma na taɓa yin manaja a gidan nan, tun ba a haife ka ba. Manajan Sha Tara ba ya ritaya.”

Na koma sama na gaya wa Dada duk yadda muka yi. Na zaci zai yi masifa. Abin da ya ce kawai, in kai farin dhotinsa, zanen da mazanmu ke ɗaurawa, wurin mai wanki, a sa masa sitaci sosai.

Ranar biki layinmu ya cika da motocin da suka kasa shigowa, suka toshe bakin titi. Manyan mutane suka riƙa sauka suna tsallake kwata, sanye da fararen dhoti da ba su saba ɗaurawa ba, kowa na riƙe da gefen nasa kada ya zame. An yi wa gaban gidan fenti, iya inda kyamara ke kaiwa. An rufe allon marmara da jan ƙyalle, don har ranar ba a gama shawarar wa zai zo farko ba, ba a rubuta komai a kai ba.

Aka yi jawabai. Dakta Sanyal ya ce a barandar nan ya koyi tawali'u, a nan ya gane cewa ɗan Adam ɗaya ne, hawaye har suna taruwa a idonsa. Pakrashi ya karanta wata doguwar waƙa da ya rubuta a kan sahunmu, yadda babba da yaro ke zama tare su tashi tare, yadda ko sama za ta faɗo ɗan Sha Tara ba zai ɗaga gwiwa ba sai babban gida ya ɗaga. Aka yi ta tafi. 'Yan jarida suka rubuta. Dada yana gefe yana sakace kunne.

Sai aka shimfiɗa ganyaye. Zaman ma kansa abin kallo ne. Mutanen da suka shekara suna cin abinci a teburi suka riƙa sauka ƙasa kashi-kashi, gwiwoyi na ƙara kamar ana karya kara, wasu direbobinsu ne suka ajiye su. Dada a gaba, Dakta a gefensa, sai Pakrashi, sai sauran bi da bi, ɗalibanmu na yanzu can ƙarshe kusa da famfo. Ni ina tsaye da bokiti. Aka zuba shinkafa, aka bi da dal da soyayyen gauta da kifi cikin miyar mustad mai ɗan yaji. Kowa na cewa bai taɓa cin abinci mai daɗin na Sha Tara ba, abincin da suka kwashe ƙuruciyarsu suna zagi.

Ana cikin haka direban Dakta ya shigo da faranti a rufe. Ashe a gidan Dakta aka soyo, tunda na farfasa nawa. Dakta ya yi gyaran murya, ya buɗe. Kan rui ne da ban taɓa ganin irinsa ba, ya kusa kan ɗan akuya, ya yi jawur, bakinsa a buɗe. Ya ɗauka da hannu biyu ya ɗora a ganyen Dada.

“Ga babban yayanmu,” ya ce da ƙarfi, don masu kyamara su ji. “Wanda ya riƙe mana gidan nan da amana. Girman da ya daɗe yana jira.”

Baƙi da 'yan jarida suka yi tafi, su a ganinsu an karrama tsoho. 'Yan gida kuwa kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da shinkafa.

Dada ya ce, “Na gode.” Ya ci gaba da cin abincinsa. Ya cinye shinkafa, ya suɗe dal, ya tsotse ƙayar kifinsa ya jera ta a gefe, aka kawo nono mai zaƙi ya shanye. Ya share ganyen tas, ya kewaye kan kifin bai taɓa shi ba. Sannan ya ɗora hannu a gwiwa, ya miƙe baya, ya zauna.

Kowa ya gama. Baƙin da ba 'yan gida ba suka tashi suka wanke hannu, suka dawo suka tsaya suna kallo. Sahu bai motsa ba. Da farko ana ɗan hira, ana dariya, wani likitan ƙashi ya ce wannan shi ne Sha Tara na asali. Rana ta karkato ta shigo barandar. Miya ta bushe a yatsun mutane. Ƙudaje suka samu labari. Hankaki suka jeru a kan igiyar shanya suna duban kan kifin, shi ma yana duban su.

“Nira,” in ji Dakta ƙasa-ƙasa. “Ka ci mana, zai huce.”

“Ban ce ba zan ci ba. Ina jira ne abincin ya faɗa.”

“To in ba za ka ci ba ka tashi.”

“In tashi in bar girma a ganye? Haba Pramatha. Me baƙi za su ce?”

Wani ɗan jarida ya matso ya tambayi Pakrashi ko wannan ita ce al'adar da ya faɗa a waƙarsa. Pakrashi ya ce ita ce, yana murmushin dole, yana sauya zama daga wannan ɗuwawu zuwa wancan. Na san matsalarsa, don ni nake kawo masa maganin mafitsara kyauta.

“Haren,” in ji Dada, “zuba wa Mukul ruwa. Ya yi karatu da yawa, maƙoshinsa ya bushe.”

Na zuba, har ya cika kofin.

Wani matashin likita ne ya fara. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga da hannun hagu, ya saurara, ya ce mara lafiya ne ya rikice, rai ya fi al'ada. Ya miƙe yana ɗingishi. Ai kuwa kamar jira ake yi. Nan da nan annoba ta ɓarke a birnin Kolkata, kowane likita a sahun aka ce majinyacinsa na bakin mutuwa, har da likitan fata, har da wani da ya yi ritaya tun ina makaranta. Wayoyin wasu ma ba su yi ƙara ba, su dai suka kara a kunne suka tashi.

Sha'irai sun fi daɗewa, ba don sun fi riƙon al'ada ba, sai don ba wanda ke neman sha'iri da gaggawa. Suka zauna suna zufa suna neman dalili. Ɗaya ya ce wani baiti ne ya sauko masa, in bai rubuta yanzu ba zai gudu. Wani ya bi shi don ya ara masa alƙalami. Pakrashi ya jure iya jurewarsa, sannan ya yi wuf ya miƙe, ya nufi bayi da gudu, gashi na tashi.

Saura ɗalibanmu na yanzu, yaran da kullum suke cin abinci da Dada. Na ga yana satar kallonsu ta gefen ido. Suka dubi juna, suka dubi wuraren da manya suka bari. Ɗaya ya ce yana da jarrabawa gobe. Suka tashi gaba ɗaya, a hankali, ba mai kallon gaba, suka taru a famfo suna wanke hannu.

Aka bar mutum biyu. Dakta Sanyal ya jiƙe sharkaf da gumi, ƙafafunsa sun mutu, kuma na tabbata da zai iya tashi da kansa da tuni ya tashi. Ya yafito direbansa, aka ɗaga shi ta hammata.

“Shi ke nan, ka yi nasara,” ya ce. “Ɗakin naka ne. Mun karya doka a gaban 'yan jarida, ba mu da bakin ce maka komai. Zauna a ciki har ka ruɓe.”

Aka fita da shi yana jan ƙafa. Baƙi suka bi bayansa, kuku ya shige kicin. Baranda ta rage daga ni sai Dada sai dogon layin ganyaye da ba kowa a bayansu.

Murna ta kama ni har na ajiye bokitin. “Dada, ka gama da su,” na ce. “Tashi in ɗauke wannan abin in ba hankaki.”

Yana kallon sahun ne, daga gefensa har zuwa famfo.

“Shekarar da na zo,” ya ce, “babban gida wani tsohon malamin makaranta ne. Wata rana barci ya ɗauke shi a kan ganyensa. Muka zauna har rana ta kusa faɗuwa, ba wanda ya ko yi tari. Pramatha yana da jarrabawar baka a ranar, ya rasa ta, sai da ya maimaita. Bai tashi ba.”

“Zamani ne, Dada.”

“Na zaci ko mutum biyar za su zauna. Ko uku.” Dada ya dubi wajen famfo. “Yaran nan ma. Ni ina can sama ina cewa ba zan bar gida ba, ba zan bar gida ba. Wane gidan?”

Ya jawo ganyen gabansa. Na ce, “Dada, bari mana,” amma ya riga ya sa hannu. Ya ɓare kumatun ya ci. Ya zaro idon ya ci. Ya fasa ƙoƙon da haƙoran da suka rage masa, ya tsotse ƙwaƙwalwar, yadda ake yi, ba gaggawa. Kifin ya sandare, man ya daskare a kai, ya cinye shi kaf. Ina tsaye ina kallo, hawaye na zubo mini, ina jin haushin kaina da nake kuka a kan tsohon da bai taɓa ara mini ko sabulu ba.

Ya miƙe da kansa, ba tare da ya dafa ni ba, ya je famfo ya wanke hannu.

“Ba gishiri,” ya ce. “Duk kuɗin Pramatha. Ka nemo mini mai keken haya gobe da safe.”

Gidan tsofaffin Dakta kuwa, Dada ya ce ko gawarsa kada a kai can. Barasat ya tafi, da akwati ɗaya da lema. Gadonsa ya ƙi bin matakala, don a cikin ɗakin aka harhaɗa shi tun asali, sai aka bar shi a nan. Na ziyarce shi bayan damina. Ɗan ƙanwar ya gyara masa wani lungu a bayan shago, tsakanin tayoyi, ya shimfiɗa masa tabarma. Na tarar an ajiye masa abinci a kwanon silba a kan wata taya, yana ci shi kaɗai, rediyon shago na ta ihu. Ya tambaye ni ko an gyara bututun bayin sama, na ce ba a gyara ba, ya ce dama ya sani.

Ɗaki na bakwai yanzu an gitta masa jar igiya. Ana buɗe shi ranakun Lahadi, a cire takalmi a ƙofa. Gadon Dada na nan, da katifarsa, da gidan sauronsa mai faci, an kafa ɗan allo a kai cewa a nan Amulya Lahiri yake kwana. 'Yan matan jami'a sukan miƙa hannu ta kan igiya su shafa katifar su shafa goshi. A tsakiyarta akwai wani rami, daidai girman ƙaramin tsoho mai kwanciya ta gefen hagu. Pakrashi da kansa yake nuna wa baƙi ramin, ya ce nauyin tunani ne.